Fitsari ya ƙi fita: yaushe ake sa roba?

Tambaya daga Kurna: Likita, mahaifina yana da shekara 68. Yana yawan tashi fitsari da daddare, in ya gama kuma ya ce da saura. An ce za a yi masa hoton mafitsara. Mene ne shi?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Hoton ba zafi, ba allura, ɗan'uwan wanda ake yi wa masu juna biyu ne. Zai je ya yi fitsari, yana dawowa, kafin minti 10, a shafa masa mai a mara a ɗora na'ura, ta nuna abin da ya rage a ciki. Ƙasa da mililita 50 lafiya lau ne, ga dattijo ko ya kusa 100 ba mu tayar da hankali. In yana haura 200 a kai a kai, to mafitsarar ba ta juyewa sosai. A shekarunsa yawanci furostet ce, wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta girma ta matse hanya. Galibi da magani ake farawa.

Tambaya daga Ɗorayi: Tun daren jiya maigidana bai yi fitsari ba, mara ta kumbura, yana murƙususu, amma ya ƙi asibiti don tsoron roba.

Amsa: Hajiya, wannan ba abin jira ba ne. Ku kai shi sashen gaggawa yanzu, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, wanda ya fi muku sauƙi. Don Allah kada a ɗura masa jiƙo ko ruwa wai don ya turo fitsarin, azaba za a ƙara masa. Mai irin wannan hali akan tarar da rabin lita zuwa lita guda, ko fiye, a mafitsararsa, kuma in aka daɗe, matsin yana komawa ya taɓa ƙoda. Na san maza da yawa na ganin roba, wato siririn bututun da ake zurawa har cikin mafitsara don fitsari ya fito, abin kunya ne, amma ana sa ta zai sami sa'ida, kuma sau da yawa bayan 'yan kwanaki ake gwada cirewa. Ku faɗa wa likita in yana shan maganin mura ko tiramol, ko ya taɓa ciwon sanyi, don duk suna iya jawo haka.

Tambaya daga Fagge: An yi wa ƙanwata tiyata, ta kasa fitsari. Nas ta yi hoton ta ce a jira. Ba sakaci ba ne?

Amsa: A'a, Malam. In hoton ya nuna mafitsara ba ta cika ba, roba ba ta da amfani, kuma kowace rana da ta kwana a jiki haɗarin shigar ƙwayoyin cuta ƙaruwa yake. Za a sake dubawa bayan 'yan awanni. In har lokacin fitsarin bai taru ba, sai a duba ko ruwa ne ya yi ƙaranci a jikinta, ko ƙodar ce.