Safa biyu ba ta maganin sanyin ƙafa

Ƙanena, tambayar da ka yi mini jiya muna rufe shago ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in amsa maka a tsanake. Ka ce mutumin nan da ya yi hayar takalmin siki, wato na wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya dawo da azahar yana kukan yatsun ƙafarsa sun daskare. Ka sauya masa wanda ya fi girma, ka ce ya ƙara safa mai kauri a kan ta farko, amma da la'asar ya dawo abin ya fi na da muni. Kana son sanin inda ka kuskure.

Niyyarka mai kyau ce. Duk wanda ya tashi da sanyin hunturu ya san idan ɗari ya sauko bargo ake ƙarawa. To amma safa ba ta da wuta a cikinta. Jini ne ke kai ɗumi ga yatsu, aikin safa da takalmi kawai su tsare shi kada ya gudu. Ɗora yatsanka a bayan ƙafarka, daidai inda maɓallin takalmi na biyu yake zama, za ka ji jijiya tana bugawa. Da ka ba shi babban takalmi, dunduniyarsa ta riƙa wasa a ciki, kuma mai zamiya a kan dusar ƙanƙara ba ya iya juya katakon zamiyarsa da ƙafa mai rawa. Me zai yi? Ya ɗaure maɓallai tamau, ya danne jijiyar nan. Ga safa biyu sun tattare sun ƙara matsi. Kafin sa'a guda yatsun sun mutu mus.

Ga yadda nake so ka riƙa aunawa. Lambar takalmin siki tsawon ƙafa ce da santimita, don haka auna ƙafar da kanka, kada ka dogara da lambar da mutum ya faɗa maka. Sannan zare shafin ciki, ya sa ƙafarsa a ƙwaryar robar zalla, ya tura gaba har yatsu su taɓa. Leƙa bayan dunduniya. Idan sararin ya kai santimita 1.5 zuwa 2, wato yatsanka ɗaya zuwa biyu, takalmin nasa ne. Mayar da shafi, ya sa safa ɗaya tal, siririya, doguwa har gwiwa, ta ulu. Ya buga dunduniya a ƙasa ta zauna. Maɓallan ƙwauri su ake ɗaurewa da kyau, na bayan ƙafa kuwa da ɗan yatsa ɗaya ya kamata su rufu. Zai ce maka ya matse shi. Ce masa ya lanƙwasa gwiwa gaba, ka duba fuskarsa lokacin da yatsun suka ja baya kaɗan. Kuma ka lura kada ya cusa ƙafar dogon wandon ciki a takalmin, dunƙulen nan kaɗai ya isa ya ɓata masa yini.

Abu na biyu da ya ci shi laima ce, kuma na tabbata safarsa ta auduga ce. Ka tuna tulu? Ruwan da ke tsattsafowa a jikinsa, iska na busar da shi, shi ke sanyaya na ciki. Mutumin da ya yi gumi cikin auduga ya zama tulu. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ulu kuwa, musamman na tunkiyar merino, yana shanye danshi mai yawa ba tare da an ji shi jiƙe ba. Haka maganar take ga riguna: ta jikin fata ulu ko foliyesta, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Ɗauki misali: garin Shamoni na ƙasar Faransa yana kan mita 1,035 sama da teku, ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi da ke samansa kuwa 3,842. Zafi yana raguwa kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, ka ga wanda ya bar gari da safe zai iya tarar da bambancin digiri 18 a sama. Sai da riguna hawa-hawa zai iya cirewa da ƙarawa kafin gumi ya kama shi.

Yanzu kuma nauyin da ke wuyanmu. Takalmin da aka dawo da shi da yamma yana ɗauke da gumin yini guda. Idan ka jera shi a haka, gobe ka miƙa wa wani, sanyi ka ba shi haya da hannunka. Sa shi a na'urar busarwa mai iska mai ɗan ɗumi, ko ka zare shafin ya kwana a sarari. Kada ka kuskura ka jingina shi da hita, zafi mai yawa yana karkata roba ya lalata soson shafi. In ya bushe, rufe maɓallan sako-sako don ƙwaryar ta riƙe siffarta.

Masu jaket irin ta Gore-Tex, wato yadin da ke tare ruwa amma ya bar gumi ya fita, da yawa suna tsoron wanki, alhali dauɗa da maiƙon jiki ne ke toshe ƙofofin da gumi ke fita. A wanke da sabulun ruwa kaɗan, ban da maganin laushin tufa, sannan minti 20 a injin busarwa da matsakaicin zafi, in takardar jikin rigar ta yarda. Za ka ga ruwa ya koma yana dunƙulewa yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Tabarau na siki kuma, in cikinsa ya jiƙe ba a goge shi, don akwai wani siririn shafe mai hana hazo da yake kankarewa. A kaɗe shi a bar shi ya bushe.

Mutumin naka zai zo gobe da ƙarfe takwas, na yi masa magana. Kai za ka auna shi, ni ina gefe. Ɗauko masa safar ulu guda daga kanta, kuɗinta a kaina, ka kuma ajiye takalmin nasa a ɗaki mai ɗumi tun daren yau.