Ka ce yaushe za ka fara ba shi shawara?

Yarona, ka tambaye ni yaushe za ka katse mutum ka ba shi shawara in ya zauna yana ta zuba. Wallahi ka fama mini tsohon miki.

Ina shekara ta uku a aikin nan namu na ba masu damuwa shawara wani ɗan kasuwa ya zo mini, wata huɗu barci ya ƙaurace masa. Yana magana yana murza hularsa a hannu. Da ya ambaci bashin kaya sai na ce na kama bakin zaren. Ko minti ashirin bai yi ba na jawo takarda na jera masa abin yi: ya bar shayin dare, ya zauna da masu binsa kuɗi. Sau biyu yana cewa "akwai dai wani yarona", sau biyu ina bi ta kan maganar. Ya ninke takardar, ya yi godiya, ban sake ganinsa ba. Sai bayan shekara ƙanensa ke gaya mini ɗansa na fari ne ya rasu a haɗari, kuma uban ne ke tuƙi. Kafin nan gidan ya watse. Har yau in na tuna hular nan raina sai ya ɓaci.

Da na san Carl Rogers a lokacin! Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam, ya yi shekara 12 a Rochester yana aiki da yara masu matsala tun daga 1928. Wata uwa ya yi ta yi wa bayani kan ɗanta har suka haƙura. Ta kai bakin ƙofa ta juyo tana tambaya ko ana ganin manya a nan, ta dawo ta amayar da baƙin cikin aurenta. Nan ya gane mai ciwo shi ya san inda ke masa zafi. Ya riƙa ɗaukar zamansa da mutane a faifai, a 1942 ya buga na mutum guda kalma da kalma, a 1951 yana Jami'ar Shikago ya fitar da littafin da ya kafa hanyarsa ta barin mai damuwa ya ja ragamar zance.

Ku yaran yanzu shirun minti ɗaya ma ba ku iyawa, hannu na kan waya. Mai zuwa gobe da ƙarfe goma, ka nemi izininsa ka ɗauki zaman, ka bar biro a aljihu, ka kawo mini mu ƙirga sau nawa ka katse shi.