Tambaya da Amsa: Adana bishiyar salsalar halittu a manhajar R

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Zariya, ina nazarin dangantakar nau'o'in gero. Na gina bishiyar salsalarsu, wato zanen rassa mai nuna yadda suke da dangantaka, a manhajar nazarin alƙaluma ta R da kunshin ape (ƙarin umarnai na irin wannan aiki), amma da na nemi adana ta da umarnin write.csv sai manhajar ta ƙi. Yaya zan mayar da ita fayil ɗin rubutu da malamina zai iya buɗewa?

Amsa: Malama, ai write.csv na jadawali ne mai layuka da ginshiƙai, ita kuwa bishiya a cikin R tarin sassa ce masu tsawo daban-daban: sunayen nau'o'i, mahaɗar rassa da tsawon kowane reshe, shi ya sa ba ta shiga jadawali ɗaya. Abin da kike buƙata shi ne write.tree(bishiya, "gero.tre"), wanda zai rubuta ta a tsarin Newick, tsarin da masana suka amince da shi a 1986 a wani gidan abinci mai wannan suna a garin Dover na Amurka.

Idan kika buɗe fayil ɗin za ki ga layi ɗaya tak, kamar haka: ((gero:0.2,dawa:0.2):0.1,shinkafa:0.3); Baka biyu na ciki sun nuna gero da dawa sun fi kusa da juna, lambar da ke bayan ruwa biyu tsawon reshe ce, waƙafi mai ruwa kuma shi ke rufe bishiyar, kuma idan ya ɓace ba za ta karantu ba. Saboda waɗannan alamomi suna da aiki a tsarin, ki tsabtace sunayen nau'o'inki tun farko, domin manhajar za ta sauya duk waƙafi ko baka da ta tarar a cikin suna, ta kuma cike gurbin da ke tsakanin kalmomi da ɗan layin ƙasa, daga baya sunayen su kasa dacewa da na jadawalinki.

Manhajar FigTree, wadda ake duba irin waɗannan bishiyoyi da ita, tana buɗe wannan fayil, haka ma wanda umarnin write.nexus ke fitarwa a wani tsarin daban mai suna Nexus. Sai dai Newick ba ya ɗaukar duk bayanan da kika jingina wa bishiyar, don haka ina ba ki shawara ki ajiye kwafi na biyu da umarnin saveRDS, mai adana ta yadda take a cikin R, sannan kafin ki tura wa malaminki ki sake karanta fayil ɗin da read.tree, ki zana bishiyar, ki tabbatar rassanta suna nan yadda kika bar su.