Tambaya da Amsa: Wa Ke Riƙe da Jami'o'in Baƙar Fata a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya sami gurbin karatu a jami'ar Howard da ke Washinton, an kuma ce mini tana cikin jami'o'in baƙar fata. Shin gwamnati ce ke riƙe da su, kuma tallafinta zai kai ga yaron da ya tashi a nan? Daga wata uwa a Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya albarka. Waɗannan makarantu, kimanin 100 a yau, an kafa su ne a zamanin da ake hana baƙar fata shiga jami'o'in Turawa. Cheyney ta fara a 1837, Lincoln a 1854, inda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu daga baya, Howard kuwa a 1867, bayan an soke bauta.

Kuɗin gwamnatin tarayya ya zo a makare. Dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da sana'a, amma jihohin kudu suka rufe ƙofarsu ga baƙar fata, sai a 1890 aka yi doka ta biyu wadda ta tilasta musu ko su karɓe su, ko su gina musu nasu daban. Jihohin suka zaɓi ginawa daban, sannan suka riƙa tauye wa sababbin makarantun kasonsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan tauyewa ba ta tsaya a wancan ƙarni ba, domin a 2023 ministocin ilimi da na noma sun rubuta wa gwamnoni 16 cewa giɓin ya haura dala biliyan 12 tsakanin 1987 da 2020. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ce ta buɗe wa makarantun hanyar tallafin tarayya kai tsaye.

Howard mai zaman kanta ce, amma majalisar dokokin Amurka tana ware mata kuɗi kowace shekara. Sai dai wannan kuɗi na makaranta ne, tallafin ɗalibai na tarayya kuma ba ya kaiwa ga wanda ya shiga da bizar karatu. Don haka, Hajiya, kafin a sayar da gwal ko a ci bashi, yaron ya rubuta wa ofishin ɗaliban ƙetare na jami'ar, ya nemi cikakken lissafin kuɗin shekara da tallafin da ita kanta take bayarwa, a rubuce.