Ɗan siririn karen Italiya a gidan da ke da ƙananan yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai yara uku: babbar shekararta 11, na tsakiya 7, autan kuwa bai cika 3 ba. Maƙwabciyarmu za ta tashi, ta ce in muna so za ta bar mana ɗan kwikwiyonta mai wata 5, irin ƙananan karnukan nan masu siraran ƙafafu da ake kira Italian Greyhound. Yara sun hana ni sakat sai na karɓa. Ni kuma cizo nake tsoro, don an ce mini asalinsu karnukan farauta ne. Ni da maigida duk da safe muke fita aiki. Yaya halinsu yake? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Shekara 9 ke nan ina zaune da wata karya irin wannan, Tsinke na sa mata suna saboda ƙafafunta. Da na karanta wasiƙarki sai da na yi murmushi, don ni ba yaranki nake jiye wa tsoro ba, karen nake jiye wa.

Kowane kare yana iya kai baki in an matsa masa, wannan kam babu musu. Amma wannan iri ba mafaɗaci ba ne. In abu ya dame shi, guduwa yake yi ya shige ƙarƙashin gado. In baƙo ya shigo, zai ɗan yi haushi sau biyu ko uku, sannan ya koma bayan ƙafarki yana leƙe, kamar yaro mai ƙiwa. Wanda ke neman mai gadi sai ya nemi wani.

Matsalar tana jikinsa ne. Babbansu bai cika wuce kilo 5 ba, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa tsakanin santimita 32 ne zuwa 38, ƙashin ƙafarsa ta gaba kuwa bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba. Tsinke tana wata 8 ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 4, ya sungume ta kamar 'yar tsana. Ba mugunta ya yi ba, so ne. Ta zille, ta faɗo daga hannunsa, faɗuwar da ko tsayin kujera ba ta kai ba. Har yau ina jin ƙarar da ta yi a kunnena. Ƙasusuwa biyu na ƙafar gaba suka karye gab da wuyan ƙafar. Likitan dabbobi ya ce ɗori kawai ba zai yi ba, domin a ƙananan karnuka jini ba ya wadatar wannan wuri sosai, ƙashin yakan yi nawar haɗewa. Sai da aka yi mata aiki aka sa ƙarfe, ta yi wata biyu a keji tana kallona kamar ni na karya ta. Yaron kuma ya daɗe ba ya son zuwa gidana, don kunya.

Ba ma sai an yar da su ba. Kafin su cika shekara biyu gani suke suna da fiffike: daga bayan kujera su daka tsalle, daga kan gado su dira kan tayil mai santsi. Dokar gidana ke nan tun daga ranar: yaro ba ya ɗaukar kare. In yana son wasa da ita, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ita za ta zo da kanta ta hau cinya. 'Yarki mai shekara 11 za ta riƙe wannan doka, mai 7 ma zai riƙe in ana tuna masa. Autan fa? Ke kika san ɗanki, amma ni ban taɓa ganin ɗan shekara biyu da rabi da doka ta zauna masa a kai ba.

Sai abu na biyu, wanda kika ambata a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba: duk kuna fita da safe. Wannan kare ƙulafucin mutane gare shi fiye da kima. In na tashi zuwa kicin, Tsinke na bayana. In na zauna, ta cusa kai ƙarƙashin hammatata. Gashinta gajere ne ƙwarai, ba ta da kitse, don haka sanyi kaɗan sai karkarwa, kullum tana neman jikin mutum ko bargo. A gidana ba a zama kan bargon da aka gani a dunƙule sai an taɓa shi tukuna. Kuma ba kowace karkarwa ce ta sanyi ba, murna ma tana sa su rawar jiki. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana kiwon su don zaman cinya a fādojin Turai. Sarki Frederick na Biyu na Prussia har wasiyya ya bari a binne shi kusa da karnukansa a fādarsa ta Sanssouci da ke birnin Potsdam, a ƙasar Jamus ta yau. Ya mutu a 1786, ba a cika masa wasiyyar ba sai 1991. Dabbar da aka saba mata da irin wannan zama, in kika kulle ta ita kaɗai awa takwas ko tara, za ki dawo ki tarar da takalmi a tattaune, fitsari a bakin ƙofa, maƙwabta kuma suna ƙorafin kuka. Ba taurin kai ba ne, kaɗaici ne.

Tun da na ambaci fitsari, gara in faɗa miki gaskiya: koya musu inda za su yi bayan gida aiki ne ja. Mafitsararsu ƙarama ce, kuma sun tsani ruwan sama da sanyi. Tsinke takan leƙa waje, ta ga ana yayyafi, ta juyo ta nemi bayan labule. Kusan shekara muka yi muna fama. Tsawa kuwa ɓata lamarin take yi. Rana ɗaya na daka mata tsawa, ta yini ba ta yarda mun haɗa ido ba, abin da ta koya kawai shi ne ta riƙa ɓoyewa in za ta yi. Abin da ya yi aiki shi ne fitar da ita bayan kowane barci da kowane cin abinci, da ɗan abin taɓawa a hannu in ta yi daidai.

Maganar farauta da aka gaya miki gaskiya ce, amma ba mutum take shafa ba. Danginsu, irin su Greyhound babba da Saluki, da ido suke farauta, ba da hanci ba. Da zarar wani ƙaramin abu ya gifta da gudu, kunnensu ya toshe. Wannan ɗan mitsitsin yana iya kaiwa kilomita 40 a awa, ki yi ta kiran sunansa, a banza. Kada a sake shi ba igiya kusa da titi, ko sau ɗaya. Kansa kuma siriri ne, abin wuya na gama-gari zamewa yake yi, sai an nemi mai faɗi wanda ke ɗan tsukewa in ya ja. In ya sami fili mai katanga ya zazzaga na minti ashirin, sauran yinin barci ne. Haƙoransu suna saurin lalacewa, sai da buroshi kusan kullum, kuma sukan kai shekara 13 zuwa 15, wato babbar 'yarki za ta bar gida karen yana nan.

Da ni ne ke, zan ba yara haƙuri a wannan karon, sai auta ya kai shekara 5 ko 6, ko kuma a sami babban da ke yini a gida. In kuma akwai mai yinin, ki karɓa, amma ki sa ƙofar shinge tsakanin kwikwiyon da autan duk lokacin da idonki ba ya kansu.

TAMBAYA: Malam, ina da kyanwa da zomaye biyu, ina kuma sha'awar irin karen nan da ake kira Whippet. Za su zauna lafiya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, Whippet ya fi na Italiya girma da ƙwarin ƙashi, ya fi shi natsuwa, shi ya sa ya fi dacewa da gidan yara. Amma ka san tarihinsa: ma'aikatan haƙar kwal na arewacin Ingila ne suka yi ta kiwonsa a ƙarni na 19 don tsere da kamun zomo, kuma gudunsa yana haura kilomita 50 a awa. Kyanwa, in tare suka tashi tun yana kwikwiyo, galibi sukan saba, har ka same su a bargo ɗaya, ko da yake ta maƙwabta in ta bi ta kan katanga ba ta cikin wannan yarjejeniya. Zomayen kuwa, keji mai sakata, a ɗakin da ake rufewa.