Amsa: Ragon da ya kwanta, me za a riƙa dubawa?

Ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ka ce ragon da ka saya a kasuwar dabbobi ta Alaba Rago da ke Legas ya kwanta ya ƙi ci, kana tambayar abin da za ka riƙa lura da shi kafin likita ya iso.

Fara da zafin jiki. Sayi ma'aunin zafi a kemis, ka shafa masa ɗan mai, ka sa a duburarsa. Lafiyayyen rago yana wajen digiri 39 a ma'aunin Celsius. Ya haura 40, zazzaɓi ne. Ya sauka ƙasa da 38 kunnuwa sun yi sanyi, wannan ya fi tayar min da hankali, domin jikin ya fara sakewa.

Numfashi kuwa, ka ƙirga ɗagawar haƙarƙarinsa a minti guda, amma a inuwa bayan ya huta, don zafin Legas da gumin nan kaɗai suna sa dabba haki. Bugun jini ana jinsa a cikin cinyar baya, wajen 70 zuwa 90 a minti.

Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa. Wurin zai yi fari, ya kamata jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. Sa hannu a kwiɓinsa na hagu, tumbi na motsi sau ɗaya ko biyu a minti.

Ka riƙa rubuta duka da lokacinsu, likita zai so ya ga inda abin ya dosa. In akwai zawo da majina, ka ware shi daga sauran dabbobi tun yanzu, kuma don Allah kada ka ɗura masa ruwa yana kwance, zai iya shaƙewa.