Amsa ga 'yar uwar da ta ƙwace waya a hannun 'yarta

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya da daddare da admin ta ɗora tambayar nan nake juyi a kan gado, na rubuta na goge ya fi sau uku, yanzu dai na sallami yara makaranta na ce bari in zauna in amsa ko zuciyata ta samu sauƙi. 'Yar uwa kin ce 'yarki shekararta 13, tun da kuka rabu da babanta tana hannunsa da matar da ya aura, hutu kawai take zuwa miki, wannan zuwan kin ga ta daina magana, sakamakon jarabawarta ya zube, ta koma fitsarin kwance da ta daina tun tana ƙarama, sannan kin kama ta ƙarfe biyun dare cikin bargo tana karanta littafin soyayya a wayarki kika ƙwace kika zane ta, shi ne kike neman littattafan da suka dace da yara masu tasowa, masu magana kan irin wahalar da suke sha. Wallahi ina karantawa hannuna yana rawa, don ni ce yarinyar nan shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Dan girman Allah ki fara ajiye bulalar nan tukuna. Na ga wasu a ƙasa suna cewa ki ƙara mata, wai yaran yanzu sai da duka, ni dai ina roƙonki kar ki bi wannan shawarar.

Ina da shekara 11 Innarmu ta rasu wajen haihuwa, a 1998, ko sadakar arba'in ba a yi ba aka raba mu kamar kayan gado, ƙanina aka bar shi wurin Baba, ni kuma gwaggona, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce ita za ta riƙe ni a Zariya. Kowa sai sa mata albarka yake, ai ta yi zumunci. Sati na biyu a gidan na farka cikin dare na ji tabarma sharkaf, ni da na daina tun kafin a sa ni firamare. Ranar farko na ɓoye, na wanke zanin kafin kiran assalatu na shanya bayan madafi. Rana ta uku 'yarta da muke kwana ɗaki ɗaya ta kai ƙara. Gwaggo ba ta doke ni ba ranar, kuma da dukan ta yi da ya fi min sauƙi. Fito da ni ta yi tsakar gida da hantsi, ta naɗe tabarmar ta ɗora min a ka, fitsarin yana ɗiga ta wuyana yana bin gadon bayana, ta leƙa zaure ta kira yaran layi suka zagaye ni suna tafi suna kirana amalala, har almajiran da suka zo karɓar ɗumame suka tsaya da robobinsu suna kallo. Ita kuma tana zaune kan kujerar tsuguno tana tsintar shinkafa a faranti, ko ɗago kai ba ta yi sosai, cewa kawai take a ƙara, a ƙara, maganinta ke nan. Har yau in na ji warin tabarmar kaba da ta jiƙe sai cikina ya juya. Sunan nan ya bi ni Islamiyya ya bi ni boko, shekara uku a layin nan yara ba su kira ni da sunan da ubana ya raɗa min ba. Kuma fitsarin bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi, don na koma tsoron barci, tun la'asar nake daina shan ruwa, da dare in zauna jingine da bango ina gyangyaɗi ina mintsinin cinyata, barci ɓarawo ya ɗauke ni, in farka a jiƙe.

Da Baba ya zo gani na bayan wata huɗu na durƙusa na gaishe shi, na buɗe baki zan yi magana Gwaggo ta kalle ni kallo ɗaya, na ce lafiya lau nake. Ya ba ni kuɗin kashewa ya tafi, kafin ya kai bakin titi ta karɓe. Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta, na ce na yafe kuma ina ta roƙon Allah ya sa yafiyar ta kai zuci, amma in na tuna faranti da shinkafar nan sai in ji abin ya dawo sabo.

Sai ga al'ada ta zo min ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Na karanta babin haila a Ahalari, har kwana 15 ɗin da malam yake maimaita mana na haddace, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda abin yake zuwa, ga ciwon mara, ga yadda ake ƙunzugu. Da na nuna wa Gwaggo siket ɗina ina kuka abin da ya fara fita daga bakinta shi ne wa ya taɓa ki, faɗa min wane ɗan iska ne. Daga baya ta jefo min tsumman wani tsohon zani ta ce in kin bari namiji ya riƙe hannunki yanzu ciki za ki yi, ki ja mana abin kunya. Iyakar karatun balagar da aka yi min ke nan a gidan. Don haka 'yar uwa ki tambayi 'yarki ko ta fara, kar ki ɗauka matar babanta ta yi mata bayani, ki saya mata audugar mata da wanduna ki nuna mata da hannunki, ki sa mata wasu a ƙasan akwatinta in za ta koma.

Abin da ya cece ni wata amarya ce da aka kawo gidan da ke jikin namu. Ana aikena in kai mata niƙa ko in karɓo garwashi, ita kuma tana karɓar hayar littattafan Hausa, ranar nan ta ga ina leƙen bangon wani ta ce kin iya karatu, ɗauki ki je ki dawo min da shi jibi. Wa Zai Auri Jahila? ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ce, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, daga baya ta koma karatu ta zama mutum. Ni ba a yi min auren dole ba, amma a bayan madafin nan da nake shanya zani na zauna na karanta shi ina kuka kamar raina zai fita, don ranar na fara sanin ashe akwai wata yarinyar da manya suka taru suka yanke mata hukunci ba wanda ya tambaye ta, kuma ba ta mutu ba, ta fita. Da na girma na ji ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai na gane dalilin da ya sa maganarta ta shige ni haka. Littafi na uku da amaryar ta ba ni Gwaggo ta tsinta ƙarƙashin matashina, tana tuƙin tuwo ta cusa shi a murhu a gabana ta ce karuwanci nake koyo. Ina kallo bangon ya nannaɗe ya yi baƙi. Amaryar ce ta biya mai hayar da kuɗinta, ba ta ƙara ba ni ba don an je an yi mata tas a gaban mijinta. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

To shi Wa Zai Auri Jahila? ɗin ki nema, amma ki riga ta karantawa don akwai wurare masu nauyi game da auren dolen, ke kika san 'yarki, in kin ga sai ta ƙara shekara ɗaya ko biyu ki ajiye mata. Wanda zan ce ki ba ta yau ɗin nan shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun 1933 tare da su Ruwan Bagaja. Ɗan siriri ne, kwana biyu ta gama. Yaro ne aka sace shi yana ƙarami aka raba shi da uwarsa, ya bi hannu hannu har aka ƙetara da shi hamada, ita kuma uwar ta bar komai ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus tana dab da rasuwa. A laburaren makarantarmu na same shi, malamar Hausarmu ta tarar da ni ina share hawaye da gefen hijabi ta zauna kusa da ni ta ce me ya taɓa ki a ciki, na ce uwar ce da ba ta daina nemansa ba. Ita ce mutum ta farko da na ba labarin tabarmar. Yarinyar da aka raba da uwarta tana buƙatar ta ji cewa uwa ba ta mantawa, ke kuma kina raye alhamdulillahi, ki zauna gefenta ku karanta tare ki gaya mata da bakinki ba ke kika yar da ita ba.

Magana Jari Ce ma kar ki raina shi don an saba ganinsa a makaranta, tun 1937 yake hannun mutane. Ki tuna yadda littafi na ɗaya yake, Musa ɗan sarki kullum da dare sai ya shirya zai fice, akwai bayi akwai masu gadi amma aku ne yake tsayar da shi da labari har gari ya waye. Ni da shi nake zaunar da babbar 'yata da daddare lokacin da ta shiga shekarun nan na kumbure kumbure, ina karanta labari ɗaya ita ta karanta ɗaya, a tsakanin labaran ne take sako min maganar ƙawayenta da wanda ya ce mata kaza a aji. In Turancinta da ƙarfi akwai The Virtuous Woman na Zaynab Alkali, 'yan mata ne a kan hanyarsu ta tafiya makarantar kwana, babbar cikinsu tana ɗingishi tana jin kunyar ƙafarta, ya dace da shekarunta. Sannan ku riƙa karanta Suratu Yusuf da fassarar Hausa, ta Malam Abubakar Gumi tana nan ko'ina, yaro ne 'yan uwansa na jini suka jefa shi rijiya, ki bar ta ta yi tambaya kar ki mayar da zaman wa'azi. In kina Kano ki duba masu littattafai a kasuwar Sabon Gari, a Zariya ma ana samu, su Shaihu Umar da Magana Jari Ce kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne yake buga su.

Maganar na waya kuwa ban ce ki sake mata ba, wasu rubuce rubucen da ake turawa a WhatsApp wallahi ko ni mai 'ya'ya huɗu ba na iya ƙarasa su don batsa. Amma ki buɗe wanda kika kama ta da shi ki karanta, ki tambaye ta wa ta fi so a ciki kuma don me. Sau da yawa za ki tarar marainiya ce ko 'yar riƙo ake gallaza wa a labarin sannan wani ya zo ya ce yana sonta ya ɗauke ta daga gidan, abin da take nema ke nan, kuma in ba ta samu mai saurarenta a gida ba akwai masu jira a waje da baki mai zaƙi, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ki saya mata littafin rubutu mai ganye 60 da biro ki ce nata ne ta rubuta abin da ta ga dama, kuma ki riƙe amana kar ki buɗe.

Su kuma iyaye maza Allah ya shirya mana su, mutum ya yi sabon aure ya miƙa 'ya ga mace ya fita tun safe sai dare, in ya tambaya a ce lafiya lau shi ke nan ya gamsu. Baba har ya koma ga Allah bai san an ɗora min tabarma a ka ba, kuma kullum ina tunanin da ya ja ni gefe sau ɗaya ya tambaye ni ni kaɗai da na faɗa. Ban ce matar babanta muguwa ce ba, ban san ta ba, akwai matan uba na kirki da yawa a guruf ɗin nan ma. Amma fitsarin da ya dawo bayan shekaru yana da dalili, ki kai ta asibiti a gwada fitsarin da jininta, don ciwon sanyi na mafitsara yana kawo shi, ciwon suga yana kawo shi, masu sikila ma suna fama da shi, damuwa da tsoro kuma suna kawo shi kamar nawa. Ki nemi likita mace in da hali, kuma wata rana kuna kwance ku biyu fitila a kashe ki tambaye ta a hankali ko akwai mai taɓa ta ko mai tsorata ta a can gidan ko a makaranta, in ta yi shiru kar ki matsa, ki sake tambaya wani daren. In kin ji abin da bai yi miki ba ki samu kawunta ko wani babba da uban yake jin nauyinsa kafin hutu ya ƙare. Katifar kuma ki sa mata leda ki ba ta zanin gado biyu, ku wanke tare da asuba ba tare da ƙannenta sun sani ba, kar ki bari ko da wasa wani ya kira ta da sunan nan.

Ina da Shaihu Umar guda biyu a gida, in kina kusa da Kaduna ki yi wa admin magana ta haɗa mu in ba direban mota ya kawo miki ɗaya, ba sai kin biya komai ba. Kuma dan Allah in kun dawo daga asibitin ki sa admin ta faɗa mana abin da likita ta ce, zan riƙa leƙowa.